Miyar Keziah

Ranar kasuwar Zuru ce, rana ta take tsaka, Maharazu ɗan koli ya faɗi a rumfar Keziah mai tuwo da loma a hannunsa. Bai yi wani dogon shure-shure ba. Ya dafe ƙirji, ya ce wa abokin tafiyarsa Ladan, "Kama ni," kafin Ladan ya ajiye butar da ke hannunsa har rai ya yi halinsa. Akushin ya kife, miya ta malale a ƙasa, wata kaza mai kwaɗayi ta zo ta yi ta tsattsaga. Ba a gama rufe gawar da zane ba, kazar ita ma ta miƙe ƙafafu.

Mutanen kasuwa kuwa, in sun ga kaza ta mutu, ba su da sauran bukatar alƙali. Nan take kowa ya zama shaida, har waɗanda suke can layin masu gishiri lokacin da abin ya faru.

Duk wanda ke bin hanyar Wasagu zuwa Zuru ya san Maharazu. Allura da madubi da kwalli yake sayarwa, amma gaskiyar magana cikinsa ne ke yawo da shi. Da miya yake gane garuruwa. Tambaye shi labarin Kontagora, ba zai ce maka komai a kan sarki ko kasuwa ba, sai dai ya ce akwai wata tsohuwa bayan tasha mai miyar taushe, wadda ba ta san rowar mai ba. Ga shi da baki ba linzami. Zuwansa na baya, a gaban jama'a ya ce ruwan wanke ludayin Indo ta Sakaba ya fi miyar Keziah daɗi. Ita kuma ta ɗaga muciya ta ce, "Ka dawo, za ka ci abin da ba za ka manta ba." Wasa ne irin na mai tuwo da mai ci, kowa ya yi dariya a ranar. Yanzu kuma kowa ya tuna maganar, ba wanda ya tuna dariyar.

Keziah 'yar mishan ce daga ƙauyukan kan dutse. Mijinta soja ne, ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba. Ta yi shekaru tana lallashin fatake kafin su yarda su zauna a tabarmarta, sai da suka ga da idonsu mahaucin bakin masallaci ne ke yi mata yanka. Ba ta da gona, ba ta da dangi a gari. Yardar da matafiya suka yi da hannunta, ita ce kaɗai abin da ta mallaka.

Alƙali ya tafi rangadi, sai kasuwa mai zuwa zai dawo. Sarkin Kasuwa ya tsare Keziah a gidansa, ya aika a kira Nagoggo.

*

Nagoggo maharbi ne tun yana yaro, amma an fi saninsa da bin sawu. In an kore wa Bafulatani shanu, shi ake nema. Mutum ne siriri, mai ƙarancin magana, kullum idonsa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa Sarkin Kasuwa, "ni sawun ƙahwa na sani, ban san sawun miya ba."

"To yau ka koya."

Ya je rumfar ya tsugunna inda akushin ya kife. Tukunyar na nan a kan murhu, ta kusa ƙarewa, ma'ana mutane da dama sun ci daga cikinta, kuma ga su nan tsaye da ƙafafunsu suna zagin mai ita. Ya sa tsinke ya tona miyar da ta bushe a ƙasa. Sai ga wata 'yar tsoka baƙa. Ya shinshina, ya ji hayaƙi. Ya yage ta, ya duba zarenta. Banda ce, ta naman gada.

Ya tarar da Keziah zaune a bayan rumbu a gidan Sarkin Kasuwa, hannuwanta a cinya. Ba ta kuka, kuma matan gidan sun riga sun lissafa wannan ma cikin laifinta.

"Wane nama kika sa yau?"

"Akuya, Malam Nagoggo. Kai ma ita ka ci a wurina shekaranjiya."

"Gada fa?"

"Ban taɓa sa naman daji ba. Fatake suna tsoron abin da ba su ga yankansa ba. Zan ɓata abin da na sha wahalar gyarawa?"

"Kin ga ya sa wani abu a akushin?"

"Ina can ina kwasar tuwo. Ba na kallon bakin mai ci, rashin kunya ne." Ta ɗago kai ta dube shi. "Ko an sake ni, in ba a san wanda ya yi ba, wa zai ƙara cin tuwona?"

Nagoggo ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa, kuma har ga Allah haka ya nufa.

*

Da farko Ladan ya fi zama masa a rai. Abokan tafiya akushi ɗaya suke ci, wannan kowa ya sani. To me ya hana Ladan sa hannu a ranar? Da aka tambaye shi sai ya wage baki ya nuna dasashi a kumbure, ga haƙori ya yi baƙi. Warin kaɗai ya isa shaida.

"Tun Dirin Daji kunu nike sha," in ji Ladan. "Can munka haɗu da shi."

"Ina ya samu bandar gada?"

Ladan ya waiga hagu da dama, sannan ya rage murya. "Allah shi jiƙan shi, shina da wani hali. In ya ci abin da ya yi mishi daɗi a wani gari, sai shi ƙunso saura a burgami. In an kawo mishi tuwo a gari na gaba, sai shi yanko shi jehwa cikin miya ta ƙarƙashin hannun riga."

"Me ya sa a ɓoye?"

"Haba, Nagoggo. Mai tuwo za ta yahe maka zagi, amma ka kawo girkin wata cikin akushinta? Ba ka ƙara zama tabarmarta har abada."

A cikin burgamin mamacin, jakar fatar da yake ratayawa, ƙarƙashin madubai, suka sami dunƙulen banda a naɗe da ganye, cinyar gada ce an yanki gefe ɗaya. Nagoggo ya kai wa Sarkin Kasuwa da murnarsa. Aka kamo kaza, aka yanko daga bakin naman aka jefa mata. Ta cinye, ta karkaɗe fiffike, ta ci gaba da tonon ƙasa. Aka jira har la'asar, kaza sai ƙara lafiya take yi.

"Ka gani," in ji Sarkin Kasuwa. "Nama lafiya lau. A miya anka sa guba."

Nagoggo bai yi gardama ba. Ya mayar da naman cikin ganye, ya sa a jakarsa. Sawu ɗaya ke gare shi, kuma bai saba barin sawu don wani ya ce ba ya zuwa ko'ina ba. Da safe ya kama hanyar da Maharazu ya biyo, yana bin ta da baya.

*

Abin da ya fara koya shi ne, mai tuwo ba ta amsa tambayar wanda bai ci ba. A Dirin Daji ya tsaya a rumfar Bilki ya yi sallama ya fara tambaya, ta dube shi sama da ƙasa ta ci gaba da tuƙi. Sai da ya zauna, ya wanke hannu, ya tashi da malmala biyu da miyar sure mai tsami har kunne, sannan bakinta ya buɗe.

"Maharazu? Nan ya zauna inda kake. Ya cinye, ya suɗe akushi, sannan ya ce kifina ya kwana. Mutum ya mutu ba a faɗin sharrinshi, amma wallahi kifina bai kwana ba."

"Ke kika ba shi banda?"

"Ni? In ba shi mi? Ai sai da ya cika muna kunne da Indo ta Sakaba. Indo ta yi mishi kaza, Indo ta ba shi guzurin da ba a ba kowa." Ta matso. "In kana neman wadda ta gaji da shi, can za ka. Shekara nawa shina ce mata zai aure ta?"

A Sakaba rumfar Indo ta fi kowace cika. Nagoggo ya ci tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji daddawa da naman daji, ya kuma yarda a ransa cewa marigayin, duk da bakinsa, ya san miya. Indo mace ce ƙatuwa mai fara'a, amma da ya ambaci Maharazu sai fara'ar ta ɗauke. Ta ce ba ta ba shi komai ba. Nagoggo ya kwance ganyen ya ajiye a gabanta. Ta daɗe tana kallon naman, sai ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gyale.

"Ni na ba shi. Cinya guda. Shi kaɗai ne in ya ci girkina yake faɗin abin da na sa a ciki, ɗaya bayan ɗaya. In kashe shi in dafa wa wa?"

"Sauran gadar fa?"

"Kai ma yanzu ka ci ta."

Ta shiga da shi ɗakin girki ta nuna masa karfatar gadar da ta rage, rataye bisa murhu. A jikinta akwai rami zagayayye, an yanke shi tsaf da wuƙa. Nagoggo ya gane aikin. Maharbi in ya kashe dabba da kibiya mai dafi, kafin komai sai ya yanke gurbin kibiyar da naman da ke kewaye da shi ya binne, sauran nama kuwa lafiya lau ne. Wanda ya yi wannan yankan gwani ne.

"Wa ya kawo miki?"

"Wanda ya saba kawo mini. Baba Na'Allah, Sarkin Baka."

Nagoggo ya yi mata godiya ya fita. Na'Allah ne ya ɗauke shi yana maraya, ya ciyar da shi, ya koya masa riƙon baka da karatun ƙasa. Duk abin da Nagoggo ya sani, a bayan wannan mutumin ya tsince shi.

Ya sami gindin wata ɗorawa a bayan gari ya zauna. Ya fito da cinyar, wannan karon bai yanki baki ba, ya tsaga ta har ƙashi. Wuƙar ta ci karo da ƙarfe. Tsinin kibiya ne ya karye ya maƙale a jikin ƙashi, naman da ke kewaye da shi ya yi baƙi ƙirin, hayaƙi kuma ya rufe ƙofar raunin daga waje. Ta wannan gefen Maharazu ya yanka a Zuru. Kazar Sarkin Kasuwa ta ɗaya gefen aka ba ta. Da kibiya biyu aka harbi gadar nan, aka yanke gurbin ɗaya aka bar ɗaya. Ya goge tsinin a riga. Kunnensa ɗaya ne, a murɗe zuwa hagu, yadda Na'Allah ke gyara nasa da hannunsa.

*

Ranar Laraba ya isa ƙauyen tsohon. Ya same shi zaune a ƙofar bukka, kwari da baka a jingine kusa da shi.

"Sannu da hutawa, Baba."

"A'a, Nagoggo ne? Maraba, maraba." Ya yi murmushi, amma kafaɗar Nagoggo yake kallo, ba fuskarsa ba. Da ya tashi miƙa masa ruwa, sai da ya lalubi ƙasa kafin hannunsa ya sami ƙwaryar. Nagoggo ya matsa kusa ya duba. Yanar makanta ta rufe idanun nan biyu, fari fat.

Ya kama hannun tsohon ya sa masa tsinin a tafi. Yatsun suka shafa kunnen ƙarfen sau ɗaya suka tsaya.

"Ina ka same shi?"

Nagoggo ya faɗa masa komai, daga rumfar Keziah har ɗakin girkin Indo.

"Biyu na saki," ya ce daga baya. "A mashaya nike kwanto yanzu, da kunne nike harbi. Ta farko na ji awa icce ta buga. Da gadar ta faɗi na shafa jikinta, na samu rami guda, na yanke." Ya mayar wa Nagoggo da tsinin. "Tun bara ban ganin komi sai inuwa. Na ce in anka sani, za a karɓe baka a ba yaro, in koma jiran a sammini tuwo. Ashe rai zan ci." Ya lalubo sandarsa. "Tashi mu tahi. Ɗiyar mutane na tsare."

Nan ne Nagoggo ya yi abin da ya yi. Da ya ce to, da labarin nan ya ƙare da sauƙi. Sai ya ce, "Baba, alƙali bai dawo ba tukuna. Ka huta, sai mu tahi a tsanake."

Gaskiya ne alƙali bai dawo ba. Amma ba don haka ya faɗa ba. Ba zai iya jan wannan mutumin da sanda ya ratsa kasuwar Zuru da shi ba, shi ke nan. Ya zauna yana neman wata hanya. Ko ya ce tsinin na wani baƙon maharbi ne? Ko ya ce a daji aka tsinci gadar? Ya gyara wa tsohon jinka, ya yi masa itace, ya ɗebo ruwa. Kullum da safe Na'Allah sai ya ce, "Yau za mu?" shi kuma ya ce gobe. Yana gaya wa kansa Keziah na gidan Sarkin Kasuwa, ba abin da zai same ta. Ba wata dabara da ta zo masa, don babu ita. Ranar Asabar tsohon ya ɗauki bakansa ya fita shi kaɗai yana lalube, dole Nagoggo ya bi shi.

*

Toka suka tarar a inda rumfar take. 'Yan'uwan Maharazu sun iso daga Wasagu ranar Juma'a, aka ce musu mai bin sawu ya tafi bai dawo ba, alamar bai samo komai ba ke nan. Bayan an sauko daga masallaci suka cinna wa rumfar wuta, suka farfasa tukwane. Suka fito da Keziah daga gidan Sarkin Kasuwa, wanda ya ga taron ya fi ƙarfinsa ya koma ciki. Suka ɗora mata akushin a kai suka zagaya gari da ita, ana yi mata ature. Cikin masu jifan har da waɗanda suka yi shekaru suna cin tuwonta. 'Yan doka ne suka ƙwace ta da ƙyar.

Da alƙali ya zauna, zauren ya cika har waje. Ga Ladan da kumburarren kumatu, ga Indo da aka aika ta zo, ga 'yan'uwan mamaci. Keziah na gefe, goshinta ɗaure da tsumma. Nagoggo ya shimfiɗa ganye ya jera tsokar da ya tsinta a rumfa, da cinyar da ya tsaga, da tsinin kibiya. Ladan ya faɗi halin marigayin, Indo ta faɗi kyautar da ta yi. Aka yanko daga baƙin naman aka ba kaza, ba ta kai ƙofar zaure ba.

Wan Maharazu ya miƙe. "Allah shi gafarta Malam, wanga zance bai shiga ba. Sarkin Baka guda shi manta kibiya a jikin nama? Ko yaron maharba bai yin haka."

Na'Allah ya dafa sanda ya tashi. Ya fuskanci inda ya ji muryar alƙali, ya ɗan kauce kaɗan.

"Allah shi gafarta Malam, an ce mini kana da rawani. Ni ban ganin shi. Kibiyata ce, hannuna ne. Yarinyar ga ba ta san komi ba."

Ya sunkuya ya ajiye baka da kwari a ƙasa. Alƙali ya ce kuskure ne ba ganganci ba, ya bar maganar tsakanin tsohon da dangin mamaci, su kuwa da suka dubi idanunsa suka ce sun bar wa Allah. Ya ce Keziah ba ta da laifin komai. Jama'a suka watse sumui-sumui, kowa na duban ƙafarsa. Ba wanda ya tsaya ya ce mata sannu.

A ƙofar zaure ta tare Nagoggo.

"Na gode, Malam Nagoggo. Ka wanke ni." Ta gyara tsumman goshinta. "Yaushe ka gane?"

Yana iya cewa jiya. Ba wanda zai ƙaryata shi sai tsohon, shi kuma ba zai yi ba.

"Ranar Laraba," ya ce.

Ya ga tana lissafin kwanakin a ranta. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "To," ta wuce. Kafin kasuwa ta zagayo ta hau motar gyaɗa ta bar Zuru, ba ta gaya wa kowa inda za ta ba.

*

Na'Allah ya ƙarasa kwanakinsa a gidan Nagoggo, bai kai damina biyu ba. Bayan nan Nagoggo ya ɗauki wani hali da mutane suka yi ta mamaki. Shi da ya saba tafiya da ƙullin gari a jaka, yanzu duk garin da bin sawun shanu ya kai shi, sai ya nemi rumfar masu tuwo ya zauna. Ya ci a Rijau, ya ci a Kontagora, ya ci a wuraren da miyar ba ta cancanci a wanke mata hannu ba. In ya gama sai ya tambaya ko an san wata Keziah.

A Yelwa ya same ta, kusa da bakin ruwa inda 'yan kwale-kwale ke sauke kaya. Rumfar ƙarama ce. Ta rame, furfura ta fito mata. Ta gane shi tun daga nesa, ta shimfiɗa masa tabarma, suka gaisa kamar yadda ake gaisawa. Ya buɗe baki zai faɗi abin da ya yi shekaru yana shiryawa, ta riga ta juya wajen tukunya.

Ta kawo akushi ta durƙusa a gabansa. Kafin ta miƙa masa, ta gutsuri tuwon, ta dangwali miya, ta sa a baki ta haɗiye yana kallo. Ta ɗan jira, sannan ta tura masa akushin.

"Keziah," ya ce, "ni ne fa."

"Ba don kai ba ne, Malam Nagoggo. Kowa haka nake yi masa yanzu."

Wani ɗan kwale-kwale ya yi sallama, ta tashi ta zuba masa, ta durƙusa ta gutsura ta ci a gabansa shi ma. Nagoggo ya wanke hannu, ya zauna da akushin a gabansa har tuwon ya huce.